Yadda ake tatsar sinadarai masu amfani daga jan ɓawon gyaɗa da maikurowef

Duk inda ake soya gyaɗa a Sudan, ko don dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko don yajin agashe, ko don a ƙulla a leda a kai bakin tasha, akwai abu guda da ake bar wa iska: jan ɓawon nan siriri da ke manne da ƙwaya. A murza, a bakace a faifai, ya zube a tsakar gida, a share. Daga Mai Wurno zuwa Gadarif haka ake yi. Alhali a duk jikin gyaɗa babu inda sinadaran da masana ke kira folifenol suka taru kamar cikin wannan ɓawo. Su ne suke ba shi launin ja, su ne baurin da kake ji a harshe idan ka tauna gyaɗa da ɓawonta, kuma suna taimakawa wajen kare man da ke cikin ƙwaya daga saurin lalacewa. Mafi yawansu dangin tanin ne, 'yan uwan abin da majema ke nema a jikin bagaruwa.

Ɓawon ba shi da nauyi, wajen kashi 3 cikin 100 ne na nauyin ƙwaya. Buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100 zai ba ka kamar kilo 3. Amma ƙasar da take noman gyaɗa daga jigawar Kordofan da Darfur har zuwa gonakin ban-ruwa na Jazira, Rahad da Sabuwar Halfa, abin da take zubarwa ba kaɗan ba ne.

Abin da zan bayyana hanya ce da mutum zai bi a gida ko a ƙaramin wurin sana'a da ruwa zalla, sannan in nuna inda ɗalibi ko mai aikin ɗakin gwaji zai bi dabam. Tun farko a sani, kunna maikurowef, na'urar nan ta ɗumama abinci, shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda ake ci ko a faɗi shi ne wajen zaɓen ɓawo da wajen tsare zafi.

Me ya sa maikurowef?

Idan ka ɗora tukunya a wuta, zafi yana shiga ne daga gindi, ya bi ruwa, ya isa ɓawo daga waje zuwa ciki. Maikurowef ba haka yake aiki ba. Igiyoyin da yake fitarwa suna kaɗawa sau biliyan 2.45 a sakan ɗaya, ƙwayoyin ruwa kuma suna ta juyi don su bi su, wannan juyin ne yake zama zafi. Saboda haka ruwan da ya riga ya shiga cikin ɓawon yana zafi ne a can ciki, ya kumbura, ya farfasa ƙananan ɗakunan da sinadaran suke ɓoye, su fito su shiga ruwan da ke kewaye. Wasu masana a Hangari, Ganzler da abokan aikinsa, su ne suka fara wallafa wannan dabara a 1986, kuma da irin maikurowef na ɗakin girki suka yi.

A kan ɓawon gyaɗa kuwa, aikin da aka fi ambata shi ne na Tameshia Ballard da abokanta a jami'ar Virginia Tech ta Amurka, wanda ya fito a 2010. Sun zuba giram 1.5 na ɓawo a mililita 37.5 na ruwa mai itanol, wato sinadarin barasa, kashi 30 cikin 100, suka kunna na'ura sakan 30, suka sami kusan miligiram 144 na folifenol a kowane giram na ɓawo. Kafin nan, da suka jiƙa shi ta hanyar da aka saba ba tare da maikurowef ba, wajen miligiram 118 suka samu a cikin minti 12. Ka ga ƙarin ba na ban mamaki ba ne. Babbar ribar ita ce lokaci, da kuma cewa sinadaran ba sa daɗewa a cikin zafi balle su lalace. Wanda ya ce maka na'urar za ta ninka abin sau goma, ciniki yake nema.

Mataki na farko, kuma mafi nauyi: ɓawon da za ka yi aiki da shi

Nemi ɓawon da aka cire a bushe, wato wanda aka gasa gyaɗar sama-sama aka murje. Wanda aka cire ta hanyar jiƙa gyaɗa a ruwan zafi ya riga ya zubar da yawancin abin da kake nema a cikin wancan ruwan. Wanda ya ƙone har ya yi baƙi yana ƙauri, shi ma a bar shi. Idan da yashi aka yi suyar, ko an barbaɗa gishiri, sai ka ƙara haƙuri wajen bakace da tankaɗe. Kada ka karɓi wanda aka sharo daga ƙasa. Ka yi magana da mai suyar tun kafin ta fara, ta shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta a inda ɓawon zai sauka. A ce mata, “Hajiya, a tara mini wannan, zan saya,” za ta yi dariya a ranar farko, amma za ta tara.

Sai maganar da ba a wasa da ita, wato aflatoksin. Guba ce da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus da 'yar uwarta suke haifarwa a jikin gyaɗa, musamman idan fari ya kama ta a ƙarshen damina, ko aka tara ta da danshi, ko kwasfa ta fashe a gona. Duniya ta farga da ita ne a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Tana jawo ciwon dajin hanta, kuma an taɓa yin bincike a nan Sudan, aka wallafa a 2001, wanda ya nuna alaƙa tsakanin yawan cin dakwa da wannan ciwo. Suya ba ta gamawa da ita, tafasa ba ta gamawa da ita, maikurowef ɗinka ma ba zai gama da ita ba, domin sai zafi ya wuce digiri 230 sosai kafin ta fara rushewa. Abin da ya fi muni shi ne, aikin da za ka yi aikin tattarawa ne. Duk abin da ya narke daga ɓawo mai yawa za ka matse shi ya koma ɗan gari kaɗan, idan da guba a ciki ita ma ta taru. A ruwa zalla ba ta narkewa sosai, amma a ruwan da aka haɗa da itanol tana fita ƙwarai.

Don haka tsince gyaɗar ake yi kafin a soya, ba bayan an murje ba. A fitar da duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, ko take da ɗaci. Gyaɗar bana da ta bushe da kyau ta fi wadda ta kwana biyu a rumbu. Tsincewa tana rage haɗari sosai, amma ido ba ya ganin guba. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta tsaya a maikurogiram 15 a kilo ɗaya ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, Tarayyar Turai kuma 4 kacal ta yarda da shi ga wadda za a ci kai tsaye. Irin wannan awo sai ɗakin gwaji, ko tsinken gwaji na gaggawa da masu fitar da gyaɗa waje suke amfani da shi. Shawarata a fili take: abin da ba a gwada ba, a yi rini da shi, kada a sa shi a abinci, kada kuma a sayar wa kowa don ya ci.

Bayan an tara, a shanya a inuwa har sai yana ƙaras-ƙaras idan an matse shi a tafin hannu. A tankaɗe a fitar da ɓarɓashin ƙwaya da ɗan hancin nan na gyaɗa, domin mai suke ƙarawa, mai kuma yana dagula ruwan. Sannan a niƙa da bilenda ko a daka a turmi. Ba a so ya zama gari lilis, tacewa za ta gagara. Idan ya yi laushin tsaki mai ƙanana ya isa. A zuba a leda mai kauri ko kwalba, a ɓoye a wuri mai duhu.

Kayan aiki

Kwanon gilashi mai jure zafi, irin na Pyrex, mai faɗin baki, wanda zai ci lita ɗaya ko fiye. Faranti na tangaran da za a ɗora a kai, marar zanen ruwan gwal a baki. Cokalin katako. Ma'aunin zafi na girki da ke kaiwa digiri 100. Sikeli mai auna giram, idan ka sami irin na 'yan gwal mai nuna ɗigo biyu ya fi. Ƙyallen auduga fari mai tsabta, takardar tace kofi, da kwalabe masu duhu.

Ƙarfe kowane iri ba ya shiga na'urar, har da samira da kwanon silba. A wajen na'urar ma a nisanta ruwan daga baƙin ƙarfe da rariya mai tsatsa, domin tanin yana haɗuwa da ƙarfe ya koma baƙi nan take. Saboda wannan dalili ruwan rijiya mai ɗanɗanon ƙarfe ba zai yi ba, a nemi tataccen ruwan sha. Kanwa ma kada ta kusanci aikin, tana sa sinadaran su yi duhu su lalace da sauri.

Auna ƙarfin na'urarka kafin komai

Lambar da aka rubuta a jikin maikurowef ba lallai ita ce yake bayarwa ba, musamman idan ya tsufa ko wutar unguwa ta yi rauni. Ga yadda za ka sani. Zuba ruwa lita ɗaya daidai a kwanon gilashi, auna zafinsa ka rubuta. Kunna na'ura a ƙarfinta na ƙarshe minti 2, fito da shi, juya, sake aunawa. Bambancin da ka samu ka ninka shi sau 35. Idan ruwa ya tashi daga digiri 30 zuwa 50, bambanci 20 ke nan, na'urarka tana ba da wat 700. Duk lokutan da zan ambata a ƙasa na mai wat 700 ne. Idan taka ta fi, ka rage; idan ba ta kai ba, ka ƙara.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gidaje da yawa sun koma sola da janareta. A lura cewa na'urar da ke ba da wat 700 tana jan fiye da wat 1,000 daga waya, kuma tana fizga a lokacin tashi. Ƙaramar inbata ba za ta ɗauka ba. A nemi mai wat 2,000 zuwa sama, a yi aikin da rana tsaka lokacin da farantin sola ke cika batir.

Haɗawa da jiƙawa

Auna giram 20 na niƙaƙƙen ɓawo, zuba masa ruwa mililita 500. Awon ke nan, ɗaya bisa 25, daidai da wanda aka yi amfani da shi a binciken da na ambata. Za ka ga kamar ruwan ya yi yawa, har zuciyarka ta ce ka ƙara ɓawo don riba. Kada ka ƙara. Ruwa idan ya ƙoshi ba ya ƙara ɗauka, sauran sinadarin sai ya tafi a cikin tuƙa. Matsa rabin ƙaramin lemon tsami a ciki, ko ka tsunkuli gishirin lemon da ake sayarwa a shagunan kayan yaji. Ɗan tsamin yana tsare launi, yana kuma hana sinadaran saurin lalacewa.

Ɓawon zai taso sama ya ƙi nutsewa saboda ɗan man da ke jikinsa. Yi ta danna shi da cokali har ya jiƙe, sannan ka bar shi minti 20. Wannan jiran shi ne rabin dabarar. Na'urar ruwa take kamawa, idan ruwa bai shiga cikin ɓawon ba babu abin da zai fashe daga ciki, ka zama kawai kana dafa ruwa da wuta mai tsada. Busasshen ɓawo kuma da ya maƙale a gefen kwano sama da ruwa yana iya ƙonewa, sai a share shi ya koma ciki.

Zurfin haɗin kada ya wuce faɗin yatsu uku. Igiyoyin ba sa ratsa ruwa fiye da santimita ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsu, shi ya sa kwano mai faɗi ya fi kofi mai tsawo.

Dumamawa

Ɗora farantin a kan kwanon ba tare da ya toshe shi ruf ba, tururi ya sami hanyar fita. Kwalba mai murfi a ɗaure ba ta shiga maikurowef, fashewa za ta yi. Bar cokalin katako ko tsinken itace mai tsabta a ciki, domin ruwan da aka dumama a gilashi mai santsi yana iya wuce zafin tafasa bai motsa ba, sai an taɓa shi ya yi tsalle ya watsu a fuska.

Kunna sakan 30, buɗe, juya, auna zafi. Maimaita. Inda kake so ka kai shi ne tsakanin digiri 60 da 70. Rabin lita da ya fara daga digiri 30 zai kai 70 a cikin kimanin minti 2 na wuta, wato zagaye huɗu. Daga nan sai riƙo: ka bar shi ya huta minti ɗaya, ka ba shi sakan 10 ko 15, ka juya, haka har minti 5. Kada ya tafasa. Idan ya kai 80 ka tsaya ka jira ya sauko.

Me ya sa ba za a murɗa maɓalli zuwa rabin ƙarfi a tafi a bar shi ba? Domin yawancin na'urorin gida ba sa rage ƙarfi da gaske. Kunnawa suke yi gaba ɗaya na 'yan sakanni su kashe, su sake kunnawa. Idan ka kasa kunne za ka ji ƙarar tana canzawa. A lokacin da take kunne wani gefen kwanon yana iya tafasa alhali ɗaya gefen da ɗumi kawai. Hannunka da cokali su ne suke daidaita wannan.

Tun a zagaye na biyu za ka ga ruwan ya fara rinewa daga gefen kwano, ja mai ratsin ƙasa-ƙasa yana sauka zare-zare, ɓawon da ya ƙi nutsewa ɗazu ya kwanta ƙasa ya koɗe. A ƙarshe ruwan zai yi kamar shayin da aka manta a kan gawayi, ƙanshin soyayyar gyaɗa yana tashi kaɗan-kaɗan. Idan ka ji ƙauri, wani abu ya ƙone, wannan zubin ya tafi.

Fito da kwanon da tsumma, ka tsoma gindinsa a baho mai ruwan sanyi don zafin ya sauka da wuri. Gilashi mai zafi ba a jefa shi cikin ƙanƙara, ruwan randa ya isa.

Tacewa

Tace da ƙyalle ka matse sosai, da safar hannu, don yana rina fata. Mayar da tuƙar cikin kwano, zuba ruwa mililita 250, maimaita dumamawar sau ɗaya. Zagaye na uku ba ya biyan kuɗin wutarsa. Haɗa ruwan biyu, sa a firji ko cikin ruwan randa na wasu awanni. Ɗan mai zai taso sama, laka ta kwanta ƙasa. Yaye man da cokali, tsiyaye na tsakiya ta cikin takardar kofi.

Don ka tabbatar abin da kake nema ya fito, ɗebi cokali biyu a ƙaramin kofi ka jefa ƙusa mai tsatsa, ko ka marmasa ƙwayar maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a ciki. Zai juye ya yi baƙi mai ratsin kore. Gwaji ne na ido, ba ya ba da lamba, amma da shi za ka iya jera kofuna ka kwatanta ɓawon gyaɗar Kordofan da na gyaɗar ban-ruwa, ko zubin minti 3 da na minti 8. Abin da aka yi gwajin da shi a zubar.

Maganar itanol

Ruwa zalla ba ya fitar da komai da komai. Manyan sinadaran tanin sun fi narkewa idan an haɗa ruwan da itanol, shi ya sa masu bincike suke amfani da shi. To amma maikurowef na gida ba a gina shi don wannan ba. Itanol yana tafasa a digiri 78, kuma ko an surka shi ya koma kashi 30 cikin 100, tururinsa yana iya kama wuta a zafin da bai wuce digiri 30 ba, zafin da ɗakin girki a Sinnar yake wucewa tun da hantsi. A cikin akwatin na'urar akwai fitila, akwai maɓallan da ke tartsatsi, babu kuma hanyar fitar da tururi yadda ya kamata. Na ɗakin gwaji an yi masa tulu mai jure matsi, da ma'aunin zafi a ciki, da fanka mai zuƙe tururi. Wanda ba shi da irin wannan ya tsaya a ruwa. Sifirit na kanti kuwa, wanda ake goge rauni ko kunna wuta da shi, sau da yawa an gauraya shi da abin da ba a ci, wani har da metanol mai makantarwa.

Ga ɗalibin da yake da kayan aiki, a Jami'ar Jazira ne ko wani wuri: mililita 312 na itanol mai ƙarfin 96, a cika da tataccen ruwa zuwa lita ɗaya, ya ba da kashi 30. A fara da awon ɗaya bisa 25 da sakan 30, sannan a riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, lokaci ko ƙarfi ko yawan ɓawo, ba duka a tare ba. Jimillar folifenol ana auna ta a na'urar auna haske da ruwan gwaji na Folin-Ciocalteu a nanomita 765, ƙarfin hana lalacewa kuma da sinadarin gwaji na DPPH a nanomita 517. Kullum a ajiye zubi ɗaya da aka jiƙa a zafi iri ɗaya ba tare da maikurowef ba. In babu shi, babu yadda za a ce na'urar ce ta yi aikin ba zafi kawai ba, kuma wannan ne ramin da ayyukan ɗalibai da yawa suke faɗawa.

Akwai hanya ta tsakiya ga masu sabulu da man shafawa: giliserin na kantin magani, kashi ɗaya a cikin kashi uku ko huɗu na ruwa. Ba ya kama wuta a irin wannan zafi, kuma yana taimaka wa ruwa wajen jawo sinadaran. Sai dai yana saurin ɗaukar zafi a na'ura, a rage zagayen zuwa sakan 20. Ba ya kuma bushewa, abin da ka samu a ruwa-ruwa zai zauna.

Busarwa da ajiya

Ruwan da ka tace ba ya jimawa. A firji kwana biyu zuwa uku, a waje kuwa a zafin nan yana iya fara tsami kafin gobe. Ko dai ka daskarar da shi, ko ka mayar da shi gari.

Nan ne Sudan ta fi kowa sa'a, domin abin da masana'antun duniya suke saye don irin wannan aiki a gonakinmu yake tsirowa: ƙaro, musamman na itacen hashab. Tataccen ruwan ɓawo idan ya bushe shi kaɗai yana zama danƙo mai manne wa faranti, mai jan danshi, mai tsananin bauri. Idan aka haɗa shi da ƙaro sai ya bushe ƙaras, ya daku, ƙaron ya lulluɓe sinadaran ya kare su daga iska, baurin ma ya ragu.

Da farko rage ruwan. Zuba shi a kwanon gilashi ko tangaran, ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, kana juyawa, zafinsa kada ya wuce digiri 60, har ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don sanin yawan ƙaron da za ka sa, ɗebi mililita 20 a ƙaramin faranti da ka riga ka auna, busar da shi, sake aunawa, ka lissafa abin da ke cikin sauran. Ƙaro ya zama daidai da wannan nauyi ko ninkinsa biyu. A jiƙa shi tun dare a ɗan ruwa, a tace, a haɗa. Sannan a shimfiɗa siriri a farantin gilashi, a rufe da gidan sauro ko ƙyalle marar kauri, a ajiye a inuwa mai iska. Rana kai tsaye tana cin launin. Ranar da aka ga alamar habub, guguwar ƙura, a shigar da shi ɗaki. Idan ya bushe a kankare da cokalin katako ko na roba, a daka, a zuba a kwalba mai duhu, a rubuta kwanan wata da inda gyaɗar ta fito.

Me za a yi da shi?

Rini shi ne mafi kusa, kuma ba ya buƙatar busarwa. A wanke farin yadin auduga, a jiƙa shi a ruwan ɓawo mai ɗumi awa ɗaya, a matse, a tsoma a ruwan alif, alif ɗin ya zama kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin yadin, sannan a sake mayarwa cikin ruwan ɓawo. Yana ba da ƙasa-ƙasa mai ja-ja. Idan aka bi da ruwan tsatsa sai ya koma toka-toka mai duhu.

A abinci, masu bincike sun gwada shi a niƙaƙƙen nama, daga giram 0.2 zuwa giram 1 a kilo, suka ga kitsen yana jinkirin canza wari. Wannan ba ya maye gurbin firji ko gishiri ko shanya. Mai son gwadawa a dakwa, bayan an tabbatar babu aflatoksin, ya yi amfani da busasshen gari kawai, domin ruwa ko ɗigo ne yana ɓata dakwa. Ya cika kwalba biyu daga niƙa ɗaya, ɗaya da garin ɗaya babu, ya riƙa shinshinawa duk mako. A cikin man gyaɗa zalla kuwa garin ba ya narkewa, kwanciya zai yi a ƙasa. Gaskiya ma, wanda dakwar gidansa kawai yake so ta ƙara jimawa, ya bar wani ɓangare na ɓawon a jikin gyaɗa lokacin niƙa, ya huta da duk wannan hidima.

Garin ɓawon nan ba magani ba ne, kada a tallata shi a matsayin magani. Tanin yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, saboda haka mai ciki da mai ƙarancin jini ba su da buƙatarsa. Wanda kuma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, wannan ma gyaɗa ce, ko a sabulu aka sa shi sai an rubuta a jikin kwali. Mai niyyar sayarwa ya bi ta Hukumar Ƙa'idoji da Awo ta Sudan kafin ya kai kasuwa.

Tuƙar da ta rage a shanya ta da wuri kafin funfuna ta kama ta. Tunda an rage mata tanin, ta fi ɗanyen ɓawo dacewa da a ɗan gauraya a dusar tumaki, ko a zuba ta a ramin taki.

Kwasfa, da iyakar na'urar gida

Kwasfar waje, mai tauri, ita ce ta fi yawa, tana kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin gyaɗa kafin a ɓare. A cikinta akwai wani sinadari ruwan ɗorawa mai suna lutiyolin, wanda ya fi yawa a kwasfar gyaɗar da ta nuna sosai. Amma da ƙyar yake narkewa a ruwa, sai itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, wato aikin ɗakin gwaji ne zalla. Ga shi kuma kwasfa ita ce ta kwanta a cikin ƙasa, ita ta sha maganin ƙwari a rumbu. A gida amfaninta ya fi a wuta, a shimfiɗar kaji, ko a gawayin da ake matsewa.

Sai lissafin da ya kamata mutum ya yi kafin ya ɗora buri. Zubi ɗaya giram 20 yake ci. Kilo ɗaya na ɓawo zubi 50 ke nan da lita 25 na ruwa, ban da zagaye na biyu, kuma duk ruwan nan sai an ƙafar da shi. Ɓawon buhu ɗaya zai ci zubi 150. Na'urar ɗakin girki ta gwaji ce da ƙaramar sana'a irin ta rini da sabulu, inda giram kaɗan suke isa. Idan ta yi zubi huɗu ko biyar a jere a bar ƙofarta a buɗe ta huce kwata ɗin awa, a kuma tabbatar ramukan iskar da ke bayanta ƙura ba ta toshe su ba. Mai son sarrafa kilo goma a rana sai ya nemi na'urar masana'antu wadda haɗin yake bi ta cikin bututu, ko kuwa ya koma babbar tukunya ta ƙarfe marar tsatsa, ya riƙe ruwan a digiri 60 zuwa 70 na rabin awa yana juyawa, da awon nan na ɗaya bisa 25.